Ƙahon Kaka Narcisa

Tun da aka binne Gladys, babbar 'yarta Yadira ce ta zama bakin gidan. Gladys ce ta fara barin ƙasar Ekwado ta zo birnin Genova, ta yi shekaru tana jinyar tsofaffi a gidajensu har Italiyanci ya zauna mata a baki, sannan ta ɗauko 'ya'yanta biyu, mijinta Fulton ya biyo baya. A nan aka haifi autar, Anahi. Shi Fulton fentin jiragen ruwa yake yi a tasha cikin 'yan ƙasarsu, Italiyancinsa bai wuce na kawo da ɗauke da zagin shugaban aiki ba, in kuwa ya tsaya gaban mai muƙami to komai aka ce sai ya ce "e." Kaka Narcisa, uwar Gladys, jinya ta zo, jinyar ta zama jana'iza, ta zauna riƙon jikoki. Ko gaisuwa ta ƙi koya. Cewa take harshen da aka faɗi mutuwar 'yarta da shi ba zai shiga bakinta ba, ko da yake ita a bakin Yadira ta ji.

Shekarar Yadira sha biyar a lokacin. Ita ce wajen likita, ita ce wajen mai gidan haya, ita ce taron iyayen yara a makarantar ƙannenta.

Da tari ciwon Gladys ya fara. Shi ya sa da Anahi ta kama tari a farkon sanyin nan, Kaka ba ta jira kowa ba. Ta kwantar da yarinyar rub da ciki, ta fito da 'yan kofunanta na gilashi masu kauri da ta taho da su daga gida, ta yi mata ƙaho irin nasu, wanda ba tsaga ba jini, wuta ce kawai ake zagawa cikin kofi a kifa a baya ya tsotse sanyin. Haka ta yi wa Gladys tana ƙarama, haka ta yi wa Yadira. Tarin ya lafa. Shatin kuwa ya fito a bayan Anahi, jajaye-jajaye da baƙi-baƙi, zagayayyu, a jere sahu biyu.

Malamar makaranta ce ta gani wajen sauya riga don wasan motsa jiki. Da Yadira ta je ɗauko ƙanwarta, malamar ba ta yi mata murmushin da ta saba ba. Ta ce gobe da rana wata daga ofishin kula da yara za ta zo gidansu, uban ya tabbata yana nan.

Duk unguwar an san me wannan ofishin yake nufi. Kowa yana da labarin wata da aka shigo aka ɗauke mata yara aka kai gidan reno, sai dai ta gan su sau ɗaya a mako da mai gadi a tsaye. Fulton ya dawo aiki ya ji, ya zauna da kayan fentinsa bai ko cire takalmi ba. Can ya fita ya yi shawara da maƙwabta, ya dawo da tasa dabarar.

"Faɗuwa ta yi a matakala. Shi ke nan. Kun ji ko?"

Yadira ta ce, "Baba, wace matakala ce take yin zagaye?"

"Ke aka tambaya? Kika ce wuta a jikin yarinya, kin gama da mu. Mutanen nan ba su san ƙaho ba."

Kaka ta ce, "To su jahilai ne? Ni da na warkar da ita, ni zan ɓuya kamar ɓarauniya?"

"Mama, don Allah. Gobe ki yi shiru kawai."

"Shiru? Tun ba a haife ka ba ake nema na yi shiru."

Fulton ya tattara kofunan nan a leda, Kaka tana ihu tana cewa na uwarta ne, ya sauka ya jefa su cikin babbar bolar gilashi ta bakin titi. Har bene suka jiyo ƙarar fashewarsu.

Washegari aka tura Darwin, ƙanin Yadira, gidan maƙwabta, saboda bakinsa ba linzami. Kaka ta share gidan kamar za a kawo amarya, ta soya agade, ta dafa gahawa. Matar ofishin ta zo ita kaɗai, doguwa ce mai furfura, da jakar hannu da laima. Ta ce sunanta Sinyora Canepa. Ta zauna a teburin kicin inda aka nuna mata, aka tura mata faranti, ta ce ta gode, ta riga ta ci abinci.

"Me ta ce?" in ji Kaka.

"Ta ce ta ƙoshi."

"Ƙoshi? Dubi wuyanta kamar na zalɓe. Ce mata ba guba a ciki."

Yadira ta ce wa matar, "Kakata ta ce ko kaɗan ne ki taɓa."

Sinyora Canepa ta dube ta. "Tafintan ofishinmu ba ya nan, kuma ba na son a sa yarinya wannan aikin. Amma tunda ke ce, ki faɗi abin da suka faɗa, kar ki ƙara, kar ki rage. Na daɗe ina aiki a unguwar nan, ina tsintar yarenku in an yi a hankali."

Yarensu da Italiyanci 'yan uwa ne, ƙarya ba ta da wurin ɓuya sosai a tsakaninsu. Sauƙin abin ɗaya ne: Kaka da sauri take magana irin ta ƙauyensu, tana haɗiye rabin kalma, ko 'yan birnin ƙasarsu sai sun kasa kunne. Fulton kuwa in tsoro ya kama shi dalla-dalla yake magana kamar mai karatu.

Aka ɗaga rigar Anahi. Matar ta daɗe tana duban bayan ba ta taɓa ba. Sannan ta tambayi uban me ya faru.

Fulton ya haɗa hannayensa a kan tebur. "Ce mata faɗuwa ta yi a matakala."

Yadira ta dubi ubanta. Idonsa ya yi ja, ya aske gemu har ya yanke kansa a haɓa, ya sa rigar da ya sa ranar jana'iza. Ta juya ta faɗa da Italiyanci, yadda ya faɗa.

"A matakala," in ji matar.

Fulton ya gyaɗa kai da sauri. "E, e."

"Yaushe?"

"E," in ji shi.

"Baba, cewa ta yi yaushe."

"Ce mata ranar Lahadi. A'a, Asabar."

Matar ta jawo kujerarta kusa da Anahi, ta sassauta murya, ta tambaye ta sunan malamarta da abin da ta fi so a makaranta. Anahi a nan aka haife ta, ba ta buƙatar tafinta. Ta amsa tana wasa da igiyar rigarta.

"To bayanki fa, me ya same shi?"

"Faɗuwa na yi."

"Da zafi?"

"A'a." Ta saci kallon ubanta, ta ƙara da cewa, "Baba ya ce in na ce faɗuwa na yi zai saya mini takalmi mai fitila."

Fulton bai ji duka ba, ya ji dai an ambace shi, sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai.

Fuskar matar ta rufe kamar an ja ƙofa. Ta miƙe zaune, ta buɗe jaka ta ciro waya. Ta ce wa Yadira, "Ki gaya wa mahaifinki, tunda ban san abin da ya yi wa yarinyar nan haka ba, kuma an koya mata abin da za ta faɗa, ba zan iya barin ta a nan ba. Yau za ta bi ni asibiti a duba ta. Inda za ta kwana bayan nan, alƙalin yara ne zai faɗa. A haɗa mata kaya kaɗan."

"Me ta ce?" in ji Fulton. "Yadira, me ta ce?"

Kaka ma ta ce, "Ke, kin zama gunki? Me zalɓen take cewa?"

Anahi ta ji da kunnenta. Ta sauko daga kujera ta zo ta ƙanƙame ƙugun Yadira. "Yaya, ina za ni?"

Yadira ba ta fassara ba. Ta ce wa matar, "Sinyora, ki ajiye wayar. Yanzu ni ce nake magana, ba su ba."

Ta gaya mata komai. Tarin, da kofuna, da auduga a bakin cokali mai yatsu, da sifirit mai kama wuta, da ashana. Tana faɗa tana ganin abin yana ƙara muni a kunnen mai ji.

"Wuta," in ji matar. "A jikin 'yar shekara shida."

"Wutar ba ta taɓa jiki. Cikin kofi ake sa ta, a cire. Ba zafi. Ni ma da shi na girma."

"Ina kofunan?"

Yadira ta ce, "An zubar."

"An zubar," matar ta maimaita, wayar tana hannunta har yanzu.

Fulton ya gane daga fuskoki. Ya miƙe. "Me kika gaya mata? Yadira! Ni kike ƙaryatawa a gaban baƙuwa?"

"Baba, ɗauke ta za ta yi. Yanzu, yau. Cewa ta yi a haɗa mata kaya."

Ya koma ya zauna.

Yadira ta ce, "Kaka, tashi ki yi mini ƙaho. A gabanta."

"Da me? Da tafin hannuna? Tambayi ubanki mai dabara."

"Ga tambulan ɗin Mama na baƙi a kabad."

"Waɗancan? Sirara ne kamar ɓawon ƙwai, 'yar nan. Ba a yi da su."

"To ki zauna ki kalli yadda za a sauka da ita."

Kaka ta dube ta, ta dubi Anahi, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta buɗe kabad. Tun rasuwar Gladys ba wanda ya taɓa tambulan ɗin nan. Ta ɗauko uku ta goge da bakin zanenta.

Yadira ta ce wa matar, "Ki gani da idonki. In kin ga cuta ce, ki kira wanda za ki kira."

Matar ta ce wannan ba ya cikin aikinta, kuma ba ta ce a yi ba. Amma ba ta hana ba, ta kuma kifa wayar a kan tebur. Fulton ya tashi ya je taga ya ba su baya. Yadira ta juya kujera ta zauna ta rungume majinginarta, ta tattare rigarta har wuya, fuskarta na kallon matar.

Kaka ta naɗe auduga a cokali, ta tsoma a sifirit, ta ƙyasta ashana. Wutar ta tashi shuɗiya. Ta zura cikin tambulan, ta zare, ta kifa a kafaɗar dama. Yadira ta ji jan da ta sani, fata ta kumbura ta shige ciki. Na biyu ma haka, a hagu. Matar ta taso ta leƙa, ta koma ta zauna.

Kaka tana yi tana mita. "Kalle ta. Ta zo gidan mutane da laima tana ƙirga mana laifi. Ina take lokacin da yarinyar take tari kamar ƙirjinta zai tsage? Ina suke lokacin da tawa take tari?"

"Me take cewa?"

"Ta ce da tari mahaifiyarmu ta fara," in ji Yadira. "Ta ce tsoro ta ji."

A kan na ukun ne muryar Kaka ta karye. Ta ambaci sunan Gladys, ta bar wutar cikin tambulan fiye da ƙima, sifirit ya ɗiga a bakinsa. Gilashi siriri nan da nan yake ɗaukar zafi. Ta kifa shi a ƙasan haƙarƙari.

Yadira ta ji kamar an ɗora mata bakin tukunya daga kan murhu. Zafin ya ratsa ta har tafin ƙafa. Ta danne majinginar kujera da haɓa, ta cusa farcenta cikin katakon ta ƙasa inda ba a gani. Idon matar yana kan fuskarta. Anahi tana tsaye gefe da yatsa a baki.

"Da zafi?" in ji matar.

"A'a. Kamar ana tsotsa ne kawai."

Kaka ta ga yadda fatar ta yi. Ta sunkuya kamar mai gyara wani abu, ta ce da sauri can ƙasan maƙoshi, "Na ƙona ki, 'yar nan. Bari in cire."

"Kika cire za ta gani. Bar shi."

"Me kuke cewa?"

"Cewa ta yi kar in motsa, na ce to."

Gumi ya keto mata a goshi. Matar ta yi tambaya, sau nawa aka yi wa Anahi, wa ya riƙe ta, ta yi kuka ko ba ta yi ba. Yadira tana juya tambaya tana juya amsa, kowace kalma sai ta auna numfashinta kafin ta fito da ita. Kaka kuwa ta daina zagi. Amsa take bayarwa gajeru, kamar 'yar makaranta.

Da lokaci ya yi, Kaka ta ɗauko tawul ta yafa a ƙasan bayan, kamar yadda ake yi don kar iska ta shiga. Ta danna yatsa gefen na farko ya saki da ɗan ƙara, na biyu ma haka. Na ukun a ƙarƙashin tawul ta zare shi, Yadira ta ji kamar da fatarta ya tafi. Ta cije leɓe ta mai da shi tari.

Matar ta zagayo. Ta sa Anahi ta tsaya kusa ta ɗaga riga. Ta dubi wannan bayan, ta dubi wancan. Shatin Yadira sabo ne, ja wur, ya ɗan fi faɗi, amma kowa ya gani ya san abu ɗaya ne ya yi su. Ta sa yatsa ta taɓa ɗaya. Sannan ta kai hannu wajen tawul.

Kaka ta doke hannun. Ba da wasa ba, har sai da ya yi ƙara. "Kul! Ga taga a buɗe, so kike sanyi ya shige ta? Wa ya rene ki?"

Fulton ya juyo daga taga.

Yadira ta ce, "Ta ce kar a buɗe, iska za ta shiga. Ta kuma ce wa ya rene ki."

Matar ta dubi bayan hannunta, ta dubi tsohuwar da ba ta kai mata kafaɗa ba. Wani abu ya motsa a gefen bakinta. Ta ce, "Kakata. Ita ma haka take da taga." Ta koma ta zauna.

Ta yi magana mai tsawo bayan nan, Yadira tana ji kamar daga cikin rijiya. Anahi za ta kwana a gida. Gobe a kai ta wajen likitan yara ya duba bayan da ƙirjin, ya rubuto. Ba wuta, ba kofi a jikin kowane yaro a gidan nan daga yau. Abin da uban ya koya wa yarinyar sai ta rubuta shi, ba yadda za ta yi, kuma za ta riƙa dawowa ba tare da ta faɗa ba. Tana tattara jakarta ta ƙara da cewa, "Ke kuma, yau ba ranar makaranta ba ce? Zan tambayi taki makarantar sau nawa kujerarki take zama ba kowa."

Fulton yana ta "e, e" har bakin ƙofa. Suka ji takunta yana sauka, suka ji ƙofar ƙasa ta rufe.

Ya dawo da sauri. "'Yan sanda ta je kira? Me ta ce? Yi magana mana!"

Yadira ta kifa goshi a kan kujera, kukan da ta riƙe ya fito ba sauti, kafaɗunta kawai ke rawa. Kaka ta ɗaga tawul a hankali, ya ɗan manne. Zobe ne cikakke, fari a tsakiyar ja, ya fara tashi da ruwa. Fulton ya gani.

Kaka ta ce, "Kawo man goge baki. A'a, kawo ƙwai, farinsa za a shafa."

"Ruwan sanyi," in ji Yadira. "Ruwan sanyi kawai. Kaka, ba za ki ƙara yi wa Anahi ba. Ko Darwin."

"Ita ta ce?"

"Ita ta ce. Ni ma na ce."

Kaka ba ta yi gardama ba. Fulton ya tari ruwa a roba ya zo ya durƙusa, ya jiƙa tsumma ya ɗora da hannunsa mai kaushin fenti. Bai dube ta a ido ba. Ya ce, "Faɗa mini, Yadira. Za su ɗauke ta?"

"Ba za su ɗauke ta ba. Gobe za a kai ta wajen likita. Matar za ta riƙa zuwa, kuma ta ce sai ta rubuta maganar takalmi."

Ya sunkuyar da kai. Ya sake jiƙa tsumman. "Shi ke nan abin da ta ce? Na ga ta daɗe da ke a ƙarshe."

"Shi ke nan."

"Goben da wane lokaci? Ba zan samu fita daga aiki ba."

"Da safe," in ji Yadira. "Ni zan kai ta."